Zaɓe Kafin Zaɓe: Yadda Tsarin Jam'iyyu Yake Iyakance Ƙuri'ar Talaka

A duk ƙasar da ake jefa ƙuri'a akan ce wa jama'a mulki yana hannunsu, su ne masu naɗawa, su ne masu tuɓewa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Mutumin da ya shiga rumfar zaɓe ba ya ɗaukar wanda ya ga dama daga cikin dukan 'yan ƙasa, sunayen da aka riga aka buga a takarda su ne iyakar abin da yake gabansa. Saboda haka wanda yake son ya gwada tsarin siyasar wata ƙasa da na wata, sai ya yi tambayoyi biyu. Ta wace hanya ake mai da ƙuri'u su zama kujeru a majalisa? Wane ne kuma yake tsai da ɗan takara tun kafin ranar zaɓe?

Bari a fara da Birtaniya. An raba ƙasar mazaɓu 650, kowace mazaɓa tana aika wakili ɗaya, wanda duk ya fi yawan ƙuri'a kuwa shi ya ci, ko da da ƙuri'a guda ya tsere wa na biyu. Tsarin yana da sauƙin fahimta, amma zaɓen 1983 ya nuna abin da yake haifarwa. Jam'iyyar Leba ta sami kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙuri'u, ta tashi da kujeru 209. Ƙawancen jam'iyyar Libaral da SDP ya sami fiye da kashi 25 cikin ɗari, amma kujeru 23 kacal ya samu. Dalili kuwa shi ne magoya bayan Leba suna cunkushe a garuruwan masana'antu, inda suke da rinjaye, alhali kuwa na ƙawancen sun watsu ko'ina, suna ta zuwa na biyu a mazaɓu barkatai. Na biyu kuwa ba shi da lada a wannan tsari. Haka aka sake gani a 2024, sa'ad da Leba ta sami kujeru fiye da 400 da kimanin kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, ita kuwa jam'iyyar Reform UK mai kashi 14 ta ƙare da kujeru biyar.

Wani masani Bafaranshe, Maurice Duverger, ya bayyana wannan al'amari a littafinsa kan jam'iyyun siyasa a 1951. A ganinsa irin wannan ƙirga yana aiki ta fuska biyu. Da farko yana tauye ƙananan jam'iyyu wajen rabon kujeru. Sa'an nan idan masu zaɓe suka lura da haka, sai su daina ba su ƙuri'a don kada ta tafi a banza. Ta haka ne mutum yakan bar wanda zuciyarsa take so, ya zaɓi wanda zai iya kayar da wanda ya fi ƙi.

A Amurka matsin ya fi haka tsanani. A zaɓen shugaban ƙasa na 1992 attajirin nan Ross Perot ya tsaya ba da sunan Dimokurat ko Rifablikan ba, ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, amma bai sami ko ɗaya daga cikin wakilai 538 masu zaɓen shugaba ba. Sai dai Amurkawa sun buɗe wata ƙofa a cikin jam'iyyun nasu, watau zaɓen fid da gwani. A 1968 Hubert Humphrey ya zama ɗan takarar Dimokurat ba tare da ya shiga irin wannan zaɓe a jiha ko ɗaya ba, manyan jam'iyya ne suka ɗora shi. Rigimar da ta biyo baya ta sa aka yi gyara, tun daga 1972 masu jefa ƙuri'a a jihohi suka zama su ne masu faɗa a ji. Wannan ya rage ikon shugabannin jam'iyya ƙwarai, har ya kai Donald Trump ya karɓe tutar Rifablikan a 2016 alhali yawancin manyanta ba sa so. Amma kuma ya ƙara wa kuɗi daraja, domin neman ƙuri'a jiha bayan jiha ba aikin mai ƙaramin aljihu ba ne.

Idan aka koma Birtaniya kan tambayar nan ta biyu, sai a ga bambanci. Can 'yan jam'iyya masu biyan kuɗin kati da wakilanta na majalisa su ne suke zaɓen shugaba. A 2022 Liz Truss ta zama Firayim Minista da ƙuri'u kimanin 81,000 na 'yan jam'iyyar Konsabatib, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 65.

Jamus kuwa ta bi wata hanya dabam. Kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a biyu, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ta jam'iyya, ta biyun ce kuma take yanke yawan kujerun da kowace jam'iyya za ta samu. Don gudun tarwatsewar majalisa irin ta zamanin da ya gabaci Hitler, an kafa sharaɗin cewa sai jam'iyya ta kai kashi 5 cikin ɗari kafin ta shiga rabo, ban da 'yar togaciya kaɗan. Wannan sharaɗi ne ya fitar da jam'iyyar FDP daga majalisa a 2013, da ta tsaya a kashi 4.8. Bajamushe yana da jam'iyyu da dama da zai zaɓa ba tare da tsoron asarar ƙuri'a ba, amma kowane allazi da nasa amanu. Jam'iyya ce take jera sunayen 'yan takararta tun daga na fari har na ƙarshe, mai zaɓe ba ya iya taɓa jerin. Bugu da ƙari, gwamnati takan fito ne daga cinikin da shugabanni suka ƙulla bayan an gama ƙirga. A watan Oktoba na 1982 FDP ta juya wa Helmut Schmidt baya, ta mara wa Helmut Kohl, mulkin Jamus ta Yamma ya sauya hannu a cikin zauren majalisa, sai a watan Maris na 1983 aka koma wa jama'a suka tabbatar.

To, ƙasashe masu jam'iyya ɗaya fa? Su ma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. A tsohuwar Tarayyar Sobiyat, kafin gyaran 1989, suna ɗaya tak ake bugawa a takardar zaɓe. A Tanzaniya kuwa, a zaɓen 1965, jam'iyyar TANU ta Julius Nyerere ta tsai da mutum biyu biyu a yawancin mazaɓu, jama'a suka kayar da wakilai da dama, har da ministoci. Talaka ya sami ikon hukunta mutum, amma ba shi da ikon sauya manufa, domin duka 'yan takarar shirin jam'iyya ɗaya suke bi. Ƙasar ta koma tsarin jam'iyyu da yawa a 1992.

Nijeriya ta gwada gina jam'iyyu da doka. Bayan da jam'iyyun Jamhuriya ta Farko suka zama na yanki da ƙabila, masu tsara mulkin 1979 sun wajabta wa kowace jam'iyya ta bazu a ƙasa baki ɗaya, aka yi wa biyar rajista: NPN, UPN, NPP, PRP da GNPP. Haka kuma ba a yarda mutum ya zama shugaba ba sai ya haɗa da rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sharaɗin da ya jawo shari'ar nan ta "sha biyu da biyu bisa uku" kafin a rantsar da Alhaji Shehu Shagari. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta wuce nan, ta ƙi dukan ƙungiyoyin da suka nemi rajista, ta ƙirƙiro SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi. Har wa yau tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa cewa sai jam'iyya ta tsai da mutum kafin ya shiga takara, wanda ya sa wakilan da suke taruwa a zaɓen fid da gwani suka zama masu riƙe da ƙofa.

Abin da waɗannan misalai suka nuna shi ne babu tsarin da ya ba talaka kome da kome. Na Birtaniya yakan ba shi gwamnati mai ƙarfi wadda ya san wanda zai tuhuma idan ta gaza, amma yana zubar da ƙuri'un miliyoyi. Na Jamus yana ƙirga kusan kowa, amma yana barin ƙulla gwamnati a hannun shugabanni. Na Amurka ya shigar da jama'a cikin jam'iyya, ya kuma shigar da masu kuɗi tare da su. Don haka yawan jam'iyyu kaɗai bai isa ma'auni ba. Ɗan ƙasar da bai san yadda sunan ɗan takara ya hau takarda ba, bai kuma nemi a ji muryarsa a wannan mataki ba, yana iya fitowa ranar zaɓe da sassafe, ya bi layi cikin rana, amma ya ƙare da zaɓen tumun dare.