Na'ura Ta Ƙi Karɓar Filashin? Ba Lallai Ne Ta Mutu Ba

Na'urori da yawa da suka shigo karkara suna da ƙwaƙwalwa a cikinsu. Akwatin da ke daidaita cajin batirin sola yana da ita. Mitar wuta ta kati tana da ita. 'Yar baƙar aba ce mai ƙafafu da yawa, sau da yawa ba ta wuce girman farce ba. A cikinta ake zuba umarnin da na'ura take bi, wato yaushe za ta kunna, yaushe za ta kashe.

Wani lokaci umarnin nan yakan rikice, ko kamfani ya fito da sabo. Sai mai gyara ya jona na'urar da kwamfuta ta igiyar USB, ya zuba mata wani. Wannan aiki shi masu gyaran waya ke kira filashin. Ba filashin ɗin nan na a kira mutum a katse ba.

To, akwai ranar da aikin yake ƙi. Jiya lafiya lau, yau kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Mai gyaran da bai goge ba sai ya ce inji ya ƙone, a sayo sabo. Mai kaya ya sayar da kwanon gero ko akuya ya biya, alhali kayansa ƙalau suke.

Abin da ke faruwa shi ne, kwamfuta da na'ura ba yarensu ɗaya ba. Akwai wata 'yar manhaja a cikin kwamfuta da ke tsakaninsu. Masu gyara suna ce mata direba, amma aikinta na tafinta ne. Ita kuwa babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows, takan sabunta kanta idan ta samu intanet, wani lokaci ba tare da mai ita ya lura ba. A nan ne takan sallami tsohon tafinta, ko ta kawo sabo wanda bai san baƙon ba.

An sha ganin haka. A shekarar 2014 kamfanin FTDI na ƙasar Sikotland ya fitar da sabon direba ta hanyar Windows. Direban ya riƙa goge lambar shaidar duk kayan jabu da aka kwaikwayi na kamfanin. Nan take kwamfutoci suka daina gane su, kuma yawancin masu kayan ba su ma san jabu suka saya ba. Da ƙorafi ya yi yawa, aka janye direban. A 2022 kuma, masu amfani da Ubuntu 22.04 suka ga na'urorinsu suna ɓacewa da an jona su. Ashe wata manhaja ce ta taimakon makafi wajen karatu da yatsu take kama su, tana zaton kayanta ne. Da aka cire ta, aiki ya dawo.

Saboda haka kafin a yanke wa na'ura hukunci, a fara da abu mai araha. A canza igiya. Igiyar USB ta ƙwarai sili huɗu gare ta a ciki, biyu na wuta, biyu na saƙo. Wasu igiyoyin caji biyu kawai gare su. Fitila za ta kama, amma saƙo ba zai wuce ba. A canza kuma ramin da aka jona.

Idan bai yi ba, a kai na'urar wata kwamfutar da ba a sabunta ba. In ta gan ta, magana ta ƙare, laifin na tafinta ne. Sai a sauko da direban da ya dace daga wurin kamfanin da ya ƙera, ko a mayar da tsohon. Wanda ya ɗaga kwamfutarsa zuwa sabon Windows yana da kwana 10 da zai iya komawa na da. Wasu na'urorin kuma sai an danne maɓallin da aka rubuta BOOT a jikinsa kafin su buɗe ƙofa.

Haɗarin gaske yana tsakiyar aiki. Idan an fara zuba umarni, kada a zare igiya, kada kwamfuta ta mutu. Umarni rabi ya fi rikitaccen umarni muni, don na'urar tana iya ƙin tashi sam. Inda wuta ba ta da tabbas, a cika batirin kwamfuta tukuna.

Mai kaya kuma yana da damar tambaya: an gwada wata igiya? An gwada wata kwamfuta? In wayar hannu ce, ya kwafe lambobin mutanensa a littafi kafin ya miƙa, domin filashin yakan share abin da ke ciki.