Na'urar da Ke Tsince Ƙwayoyin Jini Ɗaya Bayan Ɗaya

Duk macen da ta taɓa tsince shinkafa ta san aikin: ki baza ta a faifai, ki bi ta ƙwaya-ƙwaya, tsakuwa gefe, ƙaiƙayi gefe. To 'yar'uwa, akwai na'urar da ke yi wa jinin ɗan Adam irin wannan tsinta, sai dai ita dubban ƙwayoyi take dubawa cikin daƙiƙa guda. Ma'aikatan ɗakin gwaji suna kiranta fulo saitomita. Mai yiwuwa ba ki taɓa ganinta ba, amma wata rana sakamakonta ne zai nuna wa likita maganin da ya dace da ke ko da ɗanki.

Daga ido zuwa na'ura

Ɗan ɗigon jini da bai wuce kan fil ba yana ɗauke da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 5, da farare tsakanin 4,000 zuwa 11,000. A da, da ido ake ƙirga su ta madubin likita, ma'aikaci ya duƙa har wuya ya ƙage, kuma kuskure bai da wuya.

Wani injiniya Ba'amurke, Wallace Coulter, ya kawo mafita. Ya zuba jini cikin ruwan gishiri, ya sa ƙwayoyin su bi ta wata 'yar ƙaramar ƙofa da lantarki ke ratsawa. Duk ƙwayar da ta wuce sai ta ɗan tare wutar, na'ura ta ƙirga ɗaya. A 1953 aka yi masa rajistar wannan fasaha, kuma har yau na'urorin ƙirga jini da yawa da ita suke aiki.

Ƙirga daban, tsinta daban. A 1965, Mack Fulwyler na cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ya ari dabarar injin buga rubutu mai feshin tawada: ya mai da ruwan ɗigo-ɗigo, ya sa lantarki ya karkatar da ɗigon da yake so zuwa wani mazubi. A 1968, Wolfgang Göhde a Jamus ya ƙera na'urar da ke gane ƙwaya ta hanyar rini mai ƙyalli. Leonard Herzenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka haɗa rinin da tsintar wuri guda. Sannan a 1975, Georges Köhler da César Milstein a Ingila suka gano yadda za a samar da sinadarin garkuwa mai manne wa nau'in ƙwaya ɗaya tak, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1984.

Yadda take aiki

Ana gauraya jinin da waɗannan sinadarai, kowanne ɗauke da rininsa. Ruwa mai gudu sai ya matse ƙwayoyin su shiga layi, kamar tumaki a ƙofar garke, su gifta ta gaban hasken leza. Hasken da ya watsu gaba yana nuna girman ƙwaya, wanda ya watsu gefe yana nuna abin da ke cikinta, launin da ta haska kuma ya faɗi ko ita wace ce. Kwamfuta ce ke tattara lissafin.

Ina ruwan uwa da ita?

Na farko, gwajin CD4. Waɗannan fararen ƙwayoyi ne da cutar HIV ke kashewa. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a wancan ɗan ɗigo; in suka gaza 200, garkuwar jiki ta yi rauni ƙwarai, ana buƙatar ƙarin magungunan kariya. Asibitoci da dama a Najeriya sun daɗe suna wannan gwaji da irin wannan na'ura. Sai dai tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara magani da zarar an gano cutar, kada a tsaya jiran lambar ta sauka.

Na biyu, sankarar jini ga yara. A madubin likita munanan ƙwayoyin kan yi kama da juna, amma nau'insu daban-daban ne, maganinsu ma haka. Na'urar tana bambance su daga jini ko ɓargo, kuma bayan an fara magani tana iya zaƙulo ƙwaya mara kyau guda ɗaya cikin 10,000. A ƙasashen da ake gano cutar da wuri a kuma kammala magani, kusan yara 9 cikin 10 masu nau'in da ya fi yawa suna rayuwa.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, wani lokaci sai an aika jinin wani gari. Amma matakin farko yana hannunki. In yaro ya daɗe yana zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, ya koɗe, yana kukan ciwon ƙashi, ga kaluluwa, ga jini a dasashi ko haɓo, kada a tsaya ga jiƙe-jiƙe ko sayen magani a kemis. Ki kai shi asibiti a yi masa cikakken ƙirgen jini. Sau da yawa ba sankara ba ce, amma gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

In aka miƙo miki takardar sakamako, kada ki ninke ta ki jefa a jaka don kunyar tambaya. Ki ce, “Likita, me aka ƙirga? Nawa ya kamata ya kasance? Yaushe za a maimaita?” Ki adana kowace takarda, domin da ta jiya ake auna ta yau. Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuri'a.