Kwatamasta da Akantan Bataliya: Masu Lissafin Bayan Fagen Daga

Duk buhun shinkafar da aka sauke a sansanin soja na Monguno, da duk durom ɗin dizal, ta hanyar Maiduguri suka biyo: kilomita 130 da ɗoriya, a bi ta Gajiganna, a wuce Gajiram. A zamanin lafiya direban tasha kan je ya dawo rana ba ta faɗi ba. Da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari sai tafiyar ta zama abin da ake sa wa rana, a nemi rakiya, a tura masu neman nakiya gaba, sannan manyan motoci su biyo a jere. Kwamanda ne ke ba da umarnin tashi. Amma wanda ya san abin da ke cikin kowace mota, da wanda zai sa hannu ya karɓa, da kwanakin da kayan za su kai kafin su ƙare, shi ne kwatamasta. Yana da abokan aiki biyu da ba ya rabuwa da su, akantan bataliya mai riƙe da kuɗi, da hafsan da ke riƙe da rajistar sojoji. In aka duba, sana'ar su ukun ɗaya ce: su sa jerin sunayen mutane da littafin sito da baucar biya su yi magana ɗaya.

Aikin akwai na aji. Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya tana koyar da samar da kaya da sufuri a Benin, ajiyar makamai da kayan soja a Ojo, harkar kuɗi a Apapa, gyaran motoci da injuna kuma a Auchi. Sai dai kwatamasta na gaske yawanci tsohon hannu ne. Da yawansu daga kurtu suka faro, suka yi kofur, suka yi saje, suka yi samanja, kafin a ɗaura musu anini. Wanda ya taɓa bin layin karɓar takalmi ya san ta inda takalmi ke ɓacewa, kuma wannan ilimin ba ya cikin manhaja.

Yini na farawa da ƙidaya. Kowace safiya ana tattaro adadi daga kowane rukuni: nawa ke bakin aiki, nawa ke asibiti, nawa suka tafi hutu, nawa ke kwas, nawa ba a san inda suke ba. Daga wannan 'yar takarda ake auna shinkafa, a ƙirga harsashi, a nemi alawus. A 2025 rundunar ta ɗaga kuɗin abincin soja na yini daga naira 1,500 zuwa 3,000. A ce bataliya tana da mutum 700, naira miliyan 2.1 ke nan kullum, miliyan 63 a wata. In aka bar sunayen mutum 50 waɗanda ba sa nan, naira miliyan 4.5 ta samu aljihun shiga kowane wata ba tare da an fasa sito ba. Asarar kuɗin ma ita ce ƙarama. Hedkwata za ta ci gaba da ɗauka cewa bindiga 700 ke gadin garin, ta tsara kai ɗauki a kan haka. A Iraƙi, a Nuwamban 2014, firaminista Haider al-Abadi ya bayyana cewa an gano sojojin bogi 50,000 a takardun albashi, 'yan watanni bayan birnin Mosul ya faɗa hannun mayaƙan IS. Shi ya sa hafsan da ya san aikinsa kan fita da kansa lokaci-lokaci, ya tsayar da mutane a layi, ya kira lamba, ya ga fuska.

Idan kwatamasta zai yi wa kwamanda bayani, ba ya kawo maganar tan ko lita. Da kwana yake magana. "Yallaɓai, dizal na kwana tara ne, ruwa na uku, in kuma injin janareta zai riƙa kwana a kunne, a cire biyu." Dizal ɗin nan shi ke jan motar sintiri, shi ke tayar da famfon rijiyar burtsatse, shi ke cajin rediyon sadarwa, shi ke riƙe da firjin magani. Ranar da ya ƙare duk waɗannan tare suke tsayawa. Sojan da ke cikin rami da rigar sulke a zafin Afrilu kuwa, ruwan da yake sha a yini ya ninka na mai zaman ofis, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Damina ce babban jarrabawar sana'ar. Baƙar ƙasar da ta shimfiɗu daga Dikwa zuwa Marte da Ngala tana da tauri da rani, amma ruwa na sauka take zama taɓo mai riƙe tayar babbar mota har zuwa gindinta. Rann, hedkwatar Kala-Balge, takan yanke daga sauran duniya watanni, sai ta jirgi mai saukar ungulu ko kwalekwale. Don haka tun a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya fi tsanani, ake ta jigilar abincin da za a ci a Agusta. A nan kuma ake shiga tsaka mai wuya. In ka tara kaɗan, mutanenka za su ji yunwa kafin hanya ta bushe. In ka tara da yawa a ƙaramin sansani, ka ajiye wa abokan gaba sito. Mayaƙan ISWAP sun daɗe suna samun makamai da motoci da mai daga sansanonin da suka mamaye, kamar yadda ya faru a Metele a Nuwamban 2018, lokacin da suka afka wa bataliya ta 157. A 2019 rundunar sojan Najeriya ta janye sojoji daga ƙananan wurare ta tattara su a manyan sansanoni. An yi ta muhawara a kan wannan mataki a matsayin dabarar yaƙi, amma rabinsa lissafin kwatamasta ne: ciyar da wuri ɗaya mai ganuwa ya fi sauƙi a kan ciyar da wurare goma a warwatse. Sauƙin ya samu. Mutanen ƙauyukan da ke tsakanin sansanonin da matafiya kan hanya su suka biya kuɗinsa.

Motocin ma wani ciwon kai ne. A fili ɗaya za ka ga Hilux ta Japan, da mota mai jure nakiya irin 24 ɗin da Amurka ta bai wa Najeriya a farkon 2016, da tankar yaƙi T-72 ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da VT-4 ta Sin da aka kawo a 2020. Kowace da irin kayan gyaranta, babu mai ara wa wata ko noti. Masu sayo makamai a Abuja kan yi bikin karɓar sabuwar mota. Bakaniken bataliya shi ke sanin cewa bayan wata shida sai an kwance ɗaya kafin a tayar da biyu.

Ranar ayari tun daren jiya take farawa. Ana loda kaya ana rubutawa, kowace mota da takardarta, kwafi ɗaya ya tsaya a sito, ɗaya ya bi direba, ɗaya ya jira sa hannun mai karɓa. Tankar mai ba ta bin motar albarusai kai da kai. Motar janwe tana can baya, domin mota guda da ta mutu a tsakiyar hanya ta isa ta tsayar da kowa a inda ake kwanton ɓauna. Direbobin haya ba a gaya musu lokacin tashi sai ya matso. Kafin tanka ta fita ana hawa kanta, a zura sanda a auna zurfin man, a rubuta, a ɗaure murfi da hatimi. Idan ta isa a sake zura sandar. Yatsa biyu da suka ragu a jikin sanda jarkoki ne masu yawa, kuma a yankin da hukuma ta sha hana sayar da mai a jarka don kada ya isa daji, man da ya zurare daga tankar soja yana iya dawowa cikin babur ɗin wanda zai kawo hari.

Akanta kuma damuwarsa tsabar kuɗi. Albashi ta banki yake shiga, amma a yawancin ƙananan hukumomin Borno bankuna sun rufe shekaru, an kuma ƙona turakun sadarwa da dama. Soja na iya yin makonni bai ga alat ba, bai kuma san ko matarsa a Zariya ko Inugu ta samu na cefane ba. Sayayyar yau da kullum kuwa, itace da nama da kayan miya, a hannun mutanen gari ake yin ta, waɗanda ba su da rasit ba su da asusu. Sai a rubuta suna da adadi a dangwala yatsa. Wata rana mai binciken kuɗi zai zo daga hedkwata da fayil, ya tambayi shaidar kowace naira, kuma yana da gaskiya. Akantan da ya daɗe a aikin ya koyi rubuta bauca a ranar da aka kashe kuɗin, ko da ana jin ƙarar harbi, domin ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa shaida. Sai kuma ɗan kwangila, wanda ya ci bashi ya kawo kaya yana jiran a biya shi tun watanni. "Ranka ya daɗe, kaya sun cika, a taimaka a sa hannu." Kwatamasta ya ce, "Alhaji, bari dai a kwance na tsakiya," domin buhunan bakin ƙofa kullum masu kyau ne.

Sarrafa mutane ya fi sarrafa kaya wuya, tun da buhu ba ya gajiya ba ya fushi. Rajista ce ke nuna wanda ya daɗe a daji, wanda hutunsa ya wuce, da wanda aka ƙara wa girma amma kuɗinsa bai canza ba. Idan aka yi sakaci da ita, abin kan fito ta bakin bindiga. A Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari suka harbi motar kwamandan runduna ta 7, Manjo Janar Ahmed Mohammed, bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. A Agustan 2018 wasu suka yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, suka ƙi tafiya Marte, suna cewa sun shekara da shekaru a fagen daga ba a musanya su ba. Ladabtarwa aikin kwamanda ne, amma jadawalin musanya a teburin mai rajista yake. Bayan sojoji kuma akwai 'yan kato da gora da suka taso a Maiduguri a 2013, da mafarauta, da masu dafa abinci, da masu tafinta. Gwamnatin Borno ta ɗauki wani kaso na matasan tana ba su naira 15,000 a wata a farkon tsarin, mafi yawa kuwa ba sa cikin kowace takardar biya. Da su ake fita sintiri, don haka da su ake cin abinci, ko da lissafin hedkwata bai san da su ba.

Idan aiki ya haɗa ƙasashe sai lissafin ya ƙara rikicewa. Rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, wadda aka farfaɗo da ita a 2015 da hedkwata a N'Djamena, an raba ta shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Baga a Najeriya wadda daga baya ta koma Monguno, da Diffa a Nijar, kafin Nijar ta sanar da ficewarta a Maris ɗin 2025. Najeriya ta yi alƙawarin dala miliyan 100, Tarayyar Turai ta ware yuro miliyan 50 a 2016 ta hannun Tarayyar Afirka, amma ƙa'idojin sayayya suka sa kayan suka daɗe ba su iso ba. Kowace ƙasa ita ke biyan sojojinta. A aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa akwai ƙayyadadden kuɗi, wanda a 2018 ya kasance dala 1,428 a kan kowane soja a wata, da ake mayar wa ƙasar da ta turo shi. A tafkin Chadi soja mai karɓar naira da mai karɓar sefa suna iya kwana a rami ɗaya, kowa da ranar biyansa da irin abincinsa, kuma su kan tambayi juna.

Duk wannan taka-tsantsan na ƙasa yana gudana ne a ƙarƙashin wani rufi da ba a cika leƙawa ba. A Disambar 2015 aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaro da shugabanni ke kashewa ba tare da bincike ba ya kai dala miliyan 670 a shekara. Hujjar da ake kawowa kullum ita ce sirri. A ganina sirrin yana da wurinsa: ranar tashin ayari, hanyar da za a bi, yawan harsashin da ya rage a sansani. Farashin buhun shinkafa da kuɗin taya ba sirrin yaƙi ba ne, kowa na iya zuwa Kasuwar Monday ta Maiduguri ya tambaya. Abin takaici ne a ce sajen da ya ɓatar da bargo goma zai amsa tambaya, alhali kwangilar biliyoyi tana wucewa da kalma ɗaya.

Idan lokacin musanya ya zo, bataliya ba ta tashi sai an yi miƙa da karɓa. Mai barin gado da mai shigowa za su shiga sito tare, a ƙirga bindiga da lambarta, a buɗe akwatunan harsashi, a tayar da kowace mota a ji kukanta. Abin kan ɗauki kwanaki, mutane kuma sun ƙosa su ga iyalansu, don haka matsin lamba kan yi yawa a kan sabon ya sa hannu a wuce wurin. Duk abin da ya sa wa hannu ya zama nasa, har da wanda bai gani ba. Waɗanda suka gama aikin soja da suna mai kyau ba sa rasa abin yi: ƙungiyoyin agaji da kamfanonin tsaro da na sufuri a Maiduguri da Damaturu suna neman mutumin da ya san hanya, ya san damina, ya kuma iya rubuta bauca.