Lalacewar Giyar Ƙaramin Babur da Yadda Ake Daidaita Ratar Sandunanta

Tun shekarar 1958 da kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da ƙaramin babur ɗin nan mai suna Super Cub, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, masu ƙira da yawa suka bi tsarin injinsa, har irinsa ya cika kasuwannin ƙasar Hausa. Saboda haka ya kamata bakanike ya san yadda giyarsa ke ciwo, da yadda ake auna ta, gama mai babur da ya dogara gare shi don cin abinci ba shi da halin buɗe inji sau biyu.

A cikin akwatin giya akwai sanduna biyu na ƙarfe, kwance kusa da juna. Ta farko tana karɓar ƙarfi daga kuloci, ta biyu kuwa tana miƙa shi ga sarƙa. A kan kowace an jera faya-faye masu haƙora, waɗansu a kafe, waɗansu suna juyawa sake, waɗansu kuma suna zamewa gefe da gefe. Masu zamewar suna da 'yan ƙahoni a gefensu, waɗanda ke shiga ramukan maƙwabtansu su kulle. Abin da ke tura su shi ne wani ƙarfe mai yatsu biyu da makanikai ke kira fok.

Mafarin bincike shi ne kunne da baƙin mai. In ƙara tana tashi a giya ɗaya kaɗai, to, haƙoran faya-fayen wannan giya ne suka ci. In kuwa gurnani ne da ke ƙaruwa da gudun babur ko a wace giya, sai a tuhumi boris na sanda ta biyu. In giya tana fita da kanta sa'ad da aka ba da wuta, galibi ƙahonin ne bakinsu ya dulmushe, ko fok ya lanƙwashe. Sa'an nan a tsiyaye mai a kwano mai tsabta, a zagaya da maganaɗisu. Garin da ya manne na ƙarfen haƙora ne ko na boris. Mai ruwan ɗorawa na bushin tagulla ne. Mai toka-toka da ya ƙi mannewa kuwa na alminiyon jikin akwatin ne, watau wani abu yana goga bango.

Amma fa kunne zato yake kawowa, awo shi ke yanke hukunci. Alal misali, kaurin yatsun fok na injin Honda irin wannan kusan milimita 4.9 ne yana sabo, in ya sauko ƙasa da 4.6 kuwa ya tashi daga aiki. Wannan bambanci ido ba ya iya ganinsa, sai ma'auni.

Haka kuma batun rata yake. Ba a matse sanda tsam tsakanin bangayen akwati, ana barin mata ɗan wurin motsi a tsawonta. In ratar ta yi kaɗan, boris zai ɗauki nauyi ta gefe, mai ya kasa shiga, giya ta yi tauri. In ta yi yawa, sanda za ta riƙa kai da kawowa, ƙahoni su shiga rabi-rabi, bakinsu ya cinye, komai sabuntarsu. Har wa yau, alminiyo yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, saboda haka a sanda mai milimita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 80, ratar za ta ƙaru da kusan milimita 0.09. Dalili ke nan da ya sa wani babur yake lafiya lau da safe, sai an yi tafiya mai nisa giyarsa ta soma fita.

Ga yadda ake lissafin. A auna zurfin kowane ɓangare na akwatin daga leɓensa zuwa fuskar boris, a haɗa, a ƙara kaurin fakin da ke tsakaninsu bayan an matse shi, sa'an nan a ɗebe tsawon sanda tare da faya-fayenta da washoshinta. A ce zurfin ya zo 58.20 da 41.60, fakin 0.40, jimla 100.20, sanda kuwa 99.70. Rata ta zama 0.50 ke nan. In littafin kamfanin ya nemi 0.20, sai a ƙara washa mai kaurin 0.30. Wanda ya jefar da fakin ya shafa gam a madadinsa ya rage ratar bai sani ba.

Wurin da aka sa washar ma abin lura ne, domin in aka tara ta a gefe guda, faya-fayen sanduna biyu za su kauce wa juna, fok ya riƙa gogawa har ya ƙone ya yi shuɗi. Bayan an ɗaure akwatin, kafin a mayar da sauran kaya, sai a juya sanduna da hannu, a shiga kowace giya bi da bi. In sun juya sumul, kuma ma'auni ya nuna ratar da aka nema, sa'an nan ne za a ci gaba da haɗa inji.