Sayen Tsohon Gida Domin Gyarawa: Riba ko Asara?

'Yan uwa mata, idan ƙarshen shekara ya zo aka buɗe akwati aka raba kuɗin zubi, wata takan haɗa rabonta da kuɗin shinkafar da ta sayar, ta ce gida take so ta saya. Sai dillali ya kawo labari: ga wani kango can a Birnin Kebbi ko Argungu, kuɗinsa kaɗan ne, gyara kawai yake so. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma kangon yakan cinye jarin shekara biyar bai zaunu ba. Ga abubuwa biyar da za a duba kafin a miƙa ko sisi.

1. Ina gidan yake?

Ana iya sake rufi da bango, amma ba a ɗauke gida daga inda yake. Garuruwanmu suna bakin fadamar gulbin Rima ne, kuma duk mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonaki da gidaje a Jihar Kebbi. Ki je ki ga gidan a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa ya yi ƙarfi. In da rani ne, ki duba ƙasan bango: ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya. Ki tambayi matan maƙwabta, kada ki tsaya ga maganar dillali. Gidan da ke kan tudu, kusa da hanya, kasuwa ko makaranta, shi ke samun 'yan haya. Misali, kusa da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ɗalibai da ma'aikata na neman ɗaki.

2. Na wane ne?

Yawancin tsofaffin gidaje na gado ne. Idan ba a raba gadon ba, ɗa ɗaya ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Ki nemi ganin takardar rabon gado ko amincewar dukkan magada, har da mata da waɗanda ke wani gari. A yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, a kai ta ma'aikatar filaye a tabbatar ta gaskiya ce. Kuma a rubuta sunanki ke da kika biya. Shari'a ta ba mace ikon mallakar dukiyarta. Sanya sunan miji ko ɗa "don sauƙi" yakan jawo rigima bayan rai ya yi halinsa.

3. Wane irin ciwo gidan ke da shi?

Akwai ƙaramin gyara: fenti, ƙofa, taga, daɓe, yaɓen da ya zube. Wannan ba ya tsoratarwa. Babban ciwo shi ne tsagewar bango daga tushe zuwa sama, bangon da ya karkata, danshin da ke hawa daga ƙasa, katakon rufi da gara ta cinye, da masai da ya rufta ko ya yi kusa da rijiya. Ki samu magini da kafinta waɗanda ba mai gidan ya kawo su ba, ki biya su kuɗin dubawa. Su hau rufi, su ƙwanƙwasa katako. Idan tushe ya lalace, to fili kike saye, kuma sai kin biya kuɗin rushewa da kwashe ƙasa.

4. Lissafi

Ga misali, ku sa farashin garinku a madadinsa:

Kuɗin gida: naira miliyan 3
Gyara kamar yadda magini ya ƙiyasta: miliyan 1 da dubu 500
Ƙarin kashi ɗaya cikin uku na gyaran, domin siminti da kwano na tashi: dubu 500
La'ada da takardu: dubu 200
Jimla: miliyan 5 da dubu 200

Yanzu ki tambaya: nawa ake sayar da gyararren gida irinsa a unguwar? In miliyan 5 ne, kin faɗi tun ba ki fara ba. In haya za ki ba, a ce ɗaki 4, kowane dubu 80 a shekara, kin samu dubu 320. Cire dubu 50 na gyare-gyare, saura dubu 270. Sai bayan shekara 19 kuɗinki zai dawo. Ki gwada wannan da ribar kiwon raguna ko ajiyar shinkafa shanshera.

5. Daga ina kuɗin gyara zai fito?

Nan mata da yawa ke shiga uku. Bashin ƙungiya na 'yan watanni ne, an yi shi domin sana'ar da ke juyawa da sauri. Gida ba ya biyan bashi cikin wata uku. Kada ki ci bashin akwati ki zuba a bango, kada ki sayar da gonar da ke ciyar da ke. In kuɗin hannunki iya na saye ne, damina ɗaya ta isa ta ƙarasa kangon da ba rufi. In za a yi gyara a hankali, a fara da rufi da magudanar ruwa, sannan masai, sannan a gama ɗaki ɗaya a sa ɗan haya.

Idan mata da yawa za su haɗa kuɗi su saya, a rubuta sunan kowace da kasonta, da yadda za a yi idan wata ta rasu ko ta so fita.

Domin tattaunawa a taro: Ku zaɓi wani kango da kuka sani a garinku, ku bi tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. In amsa ɗaya ta gagara, a dakata da ciniki sai an same ta.