Cutar MS: Garkuwar Jiki Ke Cinye Rigar Jijiyoyi

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A cutar MS, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke afka wa wannan riga, ta bar tabo nan da can, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya yanke. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace cutar a 1868.

Ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada. Daga cikin alamominta, ido ɗaya kan dushe, yana ciwo in an juya shi. Ƙafa ta mutu, tafiya ta koma tangaɗi, fitsari ya ƙi riƙuwa, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Wanka da ruwan zafi ma kan tayar da alamomin na ɗan lokaci. Yawanci sukan lafa bayan makonni, su dawo daga baya, abin da ke sa a yi sakaci. Hoton MRI ke nuna tabon.

Maganin warkewa babu tukuna. Idan ta taso, allurar methylprednisolone ta kwana uku zuwa biyar kan gaggauta sauƙi. Masu rage yawan tasowarta kuwa sun faro da interferon beta a Amurka a 1993. Ocrelizumab, da aka amince da shi a 2017, ƙarin ruwa ne duk wata shida, sai dai tsadarsa ba ta talaka ba ce.