Ƙaiƙayin Ɗan Kwikwiyo Da Yaran Gida

Ran nan wata mata ta kawo mini ɗanta ɗakin magani, yaro ɗan shekara 6. Hannuwansa da cikinsa duk ƙananan ƙuraje jajaye, sai susa yake yi. Ta ce ƙurajen zufa ne. Na tambaye ta ko suna da kare. Ta ce, "Haba Malam, mu da kare?" Sai yaron ya ce wansa yana da ɗan kwikwiyo a bukkar gona, shi ke kai masa tuwo, har yakan ɗauke shi. Da aka kawo kwikwiyon na ga gefen kunnuwansa ya yi ɓawo, gashin gwiwoyinsa ya zube. To, ashe ga inda ciwon yaro ya fito.

Jama'a, kun sani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, ruwa ya biyo kanal ya shigo ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ba rani ba damina. Karnuka sun yi yawa a gonaki, domin su ke tsaron tumatir da injin ban ruwa da dare, ban da na mafarauta. Danshin da ke raya shinkafa kuwa shi ke raya ƙuma. Ɗan kwikwiyo ya fi babban kare wahala, gama fatarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna.

Abin da ya kama kwikwiyon nan ƙazwa ce. Wani ƙwaro ne ƙanƙane wanda ido ba ya gani ke kawo ta. Macen takan haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai, shi ya sa ƙaiƙayin ba ya barin kare barci. Takan fara daga gefen kunne, da gwiwa, da ciki. Ga wata dabara: murza gefen kunnensa a hankali, in ka ga ya ɗaga ƙafar baya yana susa a iska, galibi ita ce. Ƙwaron yana hawa jikin mutum, amma ba ya iya hayayyafa sosai a jikinmu. Saboda haka in an yi wa kare magani, ƙurajen yaro kan tafi cikin 'yan makonni. In kuwa aka yi ta shafa wa yaro magani aka bar kare, aikin banza ne.

Ba kowane ƙaiƙayi ne ƙazwa ba. Buɗe gashin gindin wutsiyarsa. In ka ga baƙin gari kamar dakakken masoro, zuba shi a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ya zama ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Ƙuma da kaska idan sun yi yawa sukan ƙarar da jinin ɗan kwikwiyo har dasashinsa ya yi fari. Idan kuma gashi ya zube ya bar tabo a kewaye kamar kwabo, makero ne, shi ma yara suna ɗauka. In ya hau kan yaro shafe-shafe ba ya isa, sai an sha ƙwayoyi mako da makonni.

Akwai kuma tsutsa. Wani ƙuda yakan yi ƙwai a rairayi mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi. Kwikwiyo ya kwanta, tsutsar ta shige fatarsa, sai ka ga maruru mai 'yar ƙofa a tsakiya. Toshe ƙofar da basilin, tsutsar za ta rasa iska ta leƙo, sa'an nan ka matse ta fito ɗungum, ka wanke wurin da ruwan gishiri. Ƙudan nan yakan yi ƙwai a tufafin da aka shanya a ƙasa, mun sha cire tsutsarsa a bayan jarirai. Mata, ku riƙa shanya a igiya cikin rana, a kuma yi guga.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mutanenmu manoma ne, kowane gida akwai kwalbar maganin feshi, sai a ce tun da yana kashe ƙwarin tumatir zai kashe na kare. Lalle zai kashe su, ya haɗa da karen. Gubar tana ratsa fata, kare ya yi ta dalalar da miyau yana makyarkyata. Yaron da aka sa ya riƙe shi kuma hannunsa ya sha. Haka fiya-fiya, da kananzir, da baƙin man inji. Kada ko ɗaya ya taɓa jikin dabba.

Kai shi wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Akwai allurar ƙazwa da ake kira ivermectin, ana yi a sake bayan mako 2. Gwargwadon nauyin kare ake auna ta, ba a kuwa yi wa wanda bai kai mako 6 ba, don haka kada ka saya a kasuwa ka yi da kanka. Uwar da sauran 'ya'yanta duka za a yi wa, ko da ba su fara susa ba. In ya kai wata 3, roƙi a yi masa rigakafin haukan kare tun da ka riga ka je.

Da ka komo gida ƙone tsummokaran da buhun da yake kwanciya a kai, ka share wurin, ka sāke masa makwanci busasshe. In za a yi masa wanka, a ɗebi ruwa a bokiti a yi da sabulu nesa da kanal, gama a ƙasa wasu na wanki da ruwan nan, wasu na shayar da dabbobi. A ba shi abinci ya ƙoshi, ramammen kwikwiyo ba ya saurin warkewa. A hana yara ɗaukarsa sai gashi ya fara tsirowa, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu. Yaron da ƙurajensa suka yi ruwa ko mugunya, ko jikinsa ya yi zafi, a kawo mana shi ran nan, kada a jira ranar kasuwa.